Giya biyar ko shida: lissafin da za ka yi kafin ka kwance giyabos

Motata Mazda MX-5 ce ta 2001, samfurin da ake kira NB, mai injin lita 1.8 da kujeru biyu. Daga Amurka aka shigo da ita, inda ake ce mata Miata. A Jos nake zaune, kuma da wuya wata ya ƙare aiki bai kai ni Abuja ba: in bi ta Riyom, in gangara Hawan Kibo, in wuce Akwanga da Keffi. Wannan hanya ce ta jefa ni cikin maganar giya. A wurin hawa da kwana, motar nan ba ta da ta biyu a wurina. Amma da zarar titi ya miƙe na sa giya ta biyar, sai inji ya tsaya a juyi 3,200 da ɗoriya a minti, a gudun kilomita 100 a sa'a, ya yi ta kuka a kunnena har in isa. Sau da yawa hannuna kan kai kansa ga sandar giya yana neman ta shida, alhali babu ita.

Da na ji cewa Mazda ta yi wa wannan samfurin giyabos mai giya shida, ban tsaya tambayar kowa ba. Na sa aka nemo mini ɗaya daga waje, na biya kuɗin ɗauko shi, aka kwana biyu ana ɗaurawa. Ranar gwaji muka hau titin Bukuru ni da bakanikena, wani dattijo da ya daɗe yana duba mini motoci. Na sa ta shida, wayata a gefe tana nuna gudu na gaskiya, kilomita 100 cif. Na dubi agogon juyin inji: 3,340. Ya ƙaru a kan na da. Kuma tun daga ƙofar gareji na lura giya ta ɗaya tana ƙarewa kafin in gama ƙetare mahaɗa. Dattijon ya ce, "Alhaji, wannan lamba ɗaya ai irin ta tifa ce." Na ce, "Baba, na ji ta a jikina." Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, domin kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma takarda ɗaya da biro sun isa su hana ni wannan asara. Lissafin da na zauna na koya bayan nan shi zan shimfiɗa maka. Da MX-5 zan yi misali don ita na sani ciki da bai, amma hanyar ɗaya ce ga kowace mota mai giyar hannu.

Lambobi biyu, ba ɗaya ba

Juyin inji yakan ratsa wuri biyu kafin ya isa taya. Na farko giyabos, inda kowace giya take da nata ninki, wato sau nawa inji zai juya kafin farfela, dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya, ta juya sau ɗaya. Na biyu aksul na baya, inda wata ƙaramar giya a bakin farfela take tura babban faifai mai haƙora. Shi ma yana da ninkinsa: sau nawa farfela za ta juya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Idan ka ninka lambar farko da ta biyu, ka samu abin da taya take ji a zahiri. Babbar lamba ita ce gajeren taku: ƙarfin ja mai yawa, amma gudu ya ƙare da wuri, kamar mai hawan dutse da kaya a ka. Ƙaramar lamba kuwa dogon taku ce, inji ya huta, sai dai in an zo hawa ya yi nishi.

Ga ninkin giyabos biyun da Mazda ta sa wa wannan mota, daga giya ta ɗaya zuwa ta ƙarshe:

Mai biyar: 3.136, 1.888, 1.330, 1.000, 0.814
Mai shida: 3.760, 2.269, 1.645, 1.257, 1.000, 0.843

Tsaya ka dubi lambobin ƙarshe. Ta shida 0.843 ce, ta biyar ɗin can 0.814. Ke nan giya ta shida ta fi waccan ta biyar gajeren taku. Nan kuɗina suka maƙale. Giyabos mai shida, wanda kamfanin Aisin ya ƙera, ba a yi shi don a ɗora wata doguwar giya a kan biyar ɗin da ake da su ba. An matse giyoyin ne kusa da juna, aka sa ta ɗaya ta ƙara gajarta, sannan aka haɗa shi da aksul mai dogon taku don ya cike giɓin. Motocin Amurka masu giya shida, tun daga wadda aka fitar a 1999 don cikar MX-5 shekara goma har zuwa na 2003, da aksul 3.909 suka zo. Na Turai da 3.636. Tawa mai giya biyar kuwa 4.30 ce a ƙarƙashinta. Ni na ɗauko rabin haɗin na bar rabi a can.

Fara da gano abin da ke ƙarƙashin motarka

Kada ka dogara da abin da takarda ko mai sayarwa ya ce. Motar da ta haura shekara ashirin ta bi ta hannu da yawa, kuma aksul na daga cikin abubuwan da ake sauyawa ba a gaya wa mai saye. Ƙirga da kanka.

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, ka tokare tayoyin gaba da katako ko dutse gaba da baya. Ɗaga tayar baya guda ɗaya kawai, ɗayar ta zauna a ƙasa. Kada ka shiga ƙarƙashi a kan jak shi kaɗai, sa ƙarfen tokara mai ƙafafu tukuna. Sa giya a firi, ka saki birkin hannu. Da alli ka yi alama a jikin farfela daf da aksul, ka yi wata a jikin ƙarfen da ke kusa da ita don ka san inda zagaye yake cika, sannan ka yi ta uku a taya. Mutum ɗaya ya juya taya a hankali sau 20 cif, ɗaya yana kwance yana ƙirga farfela. Da yake taya ɗaya ce ke juyawa, faifan ciki rabin haka yake yi, wato sau 10. In farfela ta juya sau 43, aksul ɗinka 4.30 ne. In 41, to 4.10. In 39 da ɗan ɗigo, 3.909. In 36 da kusan sulusi, 3.636. Ka maimaita sau biyu, don mai ƙirga yakan ɓata tsakanin talatin da arba'in, musamman in ana yi masa hira.

In aksul ɗin a kwance yake a ƙasa an buɗe shi, abin ya fi sauƙi: ƙirga haƙoran babban faifai ka raba da na ƙaramar giya. 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 10 shi ne 4.10, 43 da 11 shi ne 3.909, 40 da 11 shi ne 3.636. Duk aksul ɗin da za ka saya, ka roƙi mai shi ya yi maka wannan ƙirga a bidiyo kafin ka tura ko kwabo.

Sai taya, wadda ita ce giya ta ƙarshe da mutane ke mantawa. Tawa 195/50R15 ce. Faɗinta milimita 195, tsayin gefenta rabin haka, 97.5, sama da ƙasa ya zama 195. Rim inci 15 milimita 381 ne. Jimla 576, ka ninka da 3.14 ka samu kewaye kusan mita 1.81. In kana son na gaskiya, yi alamar alli a taya da ƙasa, ka zauna a ciki a tura motar taya ta zagaya sau biyar, a auna a raba. Zai fito ƙasa da na lissafi da ɗan kaɗan saboda nauyi yana danne taya. Don kwatanta haɗi da haɗi wannan bambanci ba ya ɓata komai, muddin lamba ɗaya ka yi amfani da ita a ko'ina. Da 1.81 na yi duk lissafin da ke tafe.

Lissafin kansa

Ninka kewayen taya da 0.06, lambar da ke mayar da mita a minti zuwa kilomita a sa'a. A wurina 1.81 sau 0.06 ya ba da 0.1086. Riƙe wannan lamba. Don sanin gudu, ninka juyin inji da ita, ka raba da jimlar ninki. Don sanin juyin inji a wani gudu, ninka gudun da jimlar ninki, ka raba da ita.

Misali, giya ta biyar da aksul 4.30: 0.814 sau 4.30 ya zama 3.50. A kilomita 100, ɗari sau 3.50 a raba da 0.1086, ya ba da 3,220. Abin da agogona yake nuna mini ke nan shekara da shekaru. Da na ga lissafi ya yi daidai da allura, sai na yarda da sauran.

Ga juyin inji a giyar ƙarshe, a kilomita 100, wanda shi ne iyakar gudun da doka ta ba ƙananan motoci a tagwayen babbar hanya, wato expressway:

Shida da 4.30: 3,340
Biyar da 4.30: 3,220
Biyar da 4.10: 3,070
Shida da 3.909: 3,030
Biyar da 3.909: 2,930
Shida da 3.636: 2,820

Akwai abin mamaki a nan. Ko da na samo cikakken haɗin Amurka, shida da 3.909, juyi 190 kawai zan rage. Wanda ya bar giyabos ɗinsa mai biyar ya sauya aksul kaɗai zuwa 3.909 ya fi ni samun shiru a hanya, kuma ya kashe ƙasa da abin da na kashe. In ƙarar doguwar tafiya ce kaɗai damuwarka, amsar tana cikin aksul.

Amma ba a sayen irin wannan mota don giyar ƙarshe. Saboda haka yi lissafi na biyu: ina kowace giya take ƙarewa idan ka kai jan layi, wato jar alamar iyaka a agogon juyin inji, wanda a wannan inji 7,000 ne? Ninka 7,000 da 0.1086, ka samu 760, ka riƙa raba shi da jimlar ninkin kowace giya, ka samu gudu a kilomita a sa'a.

Biyar da 4.30: 56, 94, 133, 177
Biyar da 4.10: 59, 98, 139, 185
Shida da 4.30: 47, 78, 107, 141, 177
Shida da 3.909: 52, 86, 118, 155, 194
Shida da 3.636: 56, 92, 127, 166, 209

Na bar giyar ƙarshe da gangan. A takarda tana haura 200, amma iska ce ke tsayar da motar tun kafin inji ya kai jan layi, kuma babu titin da zan ba ka shawarar ka gwada wannan a kansa. Lambobin da za ka zauna a kansu su ne na giya ta biyu da ta uku, don a nan motar take rayuwarta.

Dubi layin farko da na ƙarshe tare: 56 da 56, 94 da 92, 133 da 127. Kusan mota ɗaya ce. Jimlar ninkin haɗin da motata ta zo da shi 13.48, 8.12, 5.72, 4.30, 3.50. Na shida da 3.636 kuwa 13.67, 8.25, 5.98, 4.57, 3.64, sannan 3.07 a sama. Kowace giya ta ɗan fi ta da ƙarfin ja, ga kuma ta shida ta gaske da hannuna yake nema tun farko. Daren da na ga wannan a takarda ban yi barci da wuri ba, na yi ta maimaita lissafin ina tsoron kuskure. Wannan aksul ɗin na nema, na jira shi wata da watanni daga Turai, kuma shi ke ƙarƙashin motar yau.

Wata 'yar magana a gefe. In ka ga mujallun motoci suna gwada wace ta fi saurin kai mil 60 a sa'a, wato kilomita 96 da rabi, ka tuna da wannan layi. Biyar da 4.10 tana kai wa can a giya ta biyu. Sauran sai sun shiga ta uku, kuma canjin giya ɗaya yana cin wani yanki na daƙiƙa. Sai motar da ta fi ja a hannu ta fito a baya a takarda. Kada wannan lamba ta zaɓa maka giya.

Ramin da ke tsakanin giya da giya

Aksul ba ya taɓa wannan, aikin giyabos ne shi kaɗai. Duk lokacin da ka canza sama, allura tana faɗowa, kuma inda ta sauka shi ke nuna ko motar za ta ci gaba da ja ko za ta yi sanyi ta sake tattaro ƙarfi. Lissafinsa: ninka juyin da ka canza a kai da ninkin sabuwar giya, ka raba da na tsohuwa.

In ka canza a 7,000, mai biyar yana sauke ka a 4,210, sai 4,930, sai 5,260, sai 5,700. Mai shida yana sauke ka a 4,220, sai 5,075, sai 5,350, sai 5,570, sai 5,900. Daga ta ɗaya zuwa ta biyu babu bambanci ko kaɗan. Daga ta biyu zuwa ta uku ne ake samun ribar juyi 145, kuma tana da amfani domin wannan inji ba ya buɗe ƙirjinsa sosai sai allura ta kusanci 5,000. Gaskiya ribar ba ta kai yadda masu yabon giya shida suke faɗa ba. Ana jin ta, amma ana biyan ta da ƙarin canji.

Yanzu kawo titinka cikin lissafin

Nan ne aikin ya daina zama na kowa ya zama naka. Ɗauki mako guda kana lura da gudu biyu ko uku da suka fi muhimmanci a hanyar da kake bi, ka rubuta. Nawa guda biyu ne. Akwai kwanonin hawa da nake fita daga cikinsu a kusan kilomita 60. Akwai kuma bayan tirela, inda nake zaune a 80 ina jiran gaba ta buɗe.

A 60, haɗina na asali yana ba ni 4,490 a giya ta biyu, da sauran fili har 94 kafin in nemi ta uku. Daidai ke nan. Da shida da 4.30, ta biyu tana 5,390, kuma kafin in gama miƙe sitiyari ta ƙare a 78. Sai in canza giya a tsakiyar hawa, hannu ɗaya a sitiyari, ko in shiga kwanar da ta uku a 3,900 motar tana jan ƙafa. Wata biyu na yi a haka, ban ji daɗin ko ɗaya ba. Da 3.636 ta biyu ta koma 4,560, kamar an maido mini da motata.

A 80 bayan tirela, abin da kake so shi ne giya ɗaya da za ta fitar da kai ta kai ka gabanta ba tare da ka taɓa kuloci kana gefen da ba naka ba. Ta uku a haɗin asali tana 4,210. A shida da 3.636 tana 4,410. A shida da 3.909 tana 4,740, mai ƙarfi sosai, kuma tana da fili har 118. In da wuce manyan motoci a titi mai hannu biyu ne kaɗai abin dubawa, da 3.909 zan zaɓa ba tare da shakka ba.

Sannan akwai abin da mutumin Legas ko Fatakwal ba zai damu da shi ba. Jos tana sama da mita 1,200 daga bakin teku. Inji marar turbo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 100, saboda iska ta yi shara-shara. Ke nan a ƙofar gidana injin nan ya riga ya bar fiye da kashi goma a ƙasa. Shi ya sa ban ɗauki biyar da 3.909 ba duk da arharsa da shirunsa: yana cire kashi tara cikin ɗari na ƙarfin ja a kowace giya, ta ɗaya har ta biyar, a kan wanda tsauni ya riga ya cire. Da a Abuja nake zaune ko Kano, inda ƙasa ta fi kwanciya, da na yi tunaninsa da gaske. Ita ma ta shida da nake da ita yanzu ba ta hawa ba ce. A 80 tana juyi 2,260 kawai, in ka taka totur sai dai ƙara. Daga Akwanga zuwa Abuja take aiki. In na juyo na doshi Hawan Kibo, ta uku da ta huɗu ne abokan tafiya.

To wanne za ka ɗauka? In giyabos ɗinka mai biyar lafiyarsa ƙalau, ka yi tunani sau biyu kafin ka fitar da shi. Shigar giyarsa ta fi ta mai shida daɗi a hannu, wannan kusan duk wanda ya tuƙa biyun zai gaya maka, ni ma ina kewarta. Mataki mafi arha shi ne taya: 195/55R15 ta fi 195/50 tsayi da kashi uku da ɗigo, tana mayar da 4.30 ya zama kamar 4.16, kuma ƙarin roba a gefe alheri ne ga rim a titi mai ramuka. Ka dai murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu ka tabbata ba ta goga ko'ina. Mataki na gaba aksul 4.10, wanda ya raba tsakani. Giya shida ta cancanci kuɗinta ne a hali biyu: in za ka samo ta tare da aksul ɗin da ya dace da ita, ko in kana shirin sa turbo, domin ta fi mai biyar jure ƙarfi. Shida da 4.30 ko 4.10 na mai wasa ne a rufaffen fili mai gajerun kwanoni, wanda ba ruwansa da doguwar tafiya. Kuma kada ka shiga wannan aiki da sunan tsimin fetur. Ana ɗan samu, amma ba zai maido maka da kuɗin kayan ba.

Ranar ɗaurawa

Saya aksul cikakke, a haɗe yadda ya fito daga wata motar. Sauya faifai da ƙaramar giya kaɗai aiki ne na awo: sai an daidaita zurfin cizon haƙora da ɗan wasan da ke tsakaninsu da agogon awo, a shafa fenti a duba inda suke haɗuwa. In aka yi da ido, aksul zai riƙa kuka, daga baya haƙoran su cinye juna. In za ka sayi cikakke, nemi mai Torsen a ciki, wanda ke hana taya ɗaya yin ta juyi ita kaɗai a kwana ko a kan tsakuwa. Aksul na motocin 1.8 daga 1994 zuwa 2005 suna shiga wa juna. Na farkon samfuri mai 1.6, na kafin 1994, ƙarami ne, mai irin wannan mota sai ya haɗa da farfela da sandunan da ke kai juyi ga tayoyi.

Giyabos mai shida ya zo da sandar giyarsa, don ta mai biyar ba ta shiga. A MX-5 akwai wani dogon ƙarfen alminiyam da ya haɗe giyabos da aksul. Kafin a ɗaure kusoshinsa, a ɗaga giyabos zuwa tsayin da littafin gyaran Mazda ya faɗa. Na tsaya a kan wannan da kaina, Baba yana riƙe da ma'auni, yaronsa yana kan jak.

Mai kuma kada a haɗa. Giyabos yana son 75W-90 mai alamar GL-4, kusan lita biyu, domin zobban tagulla da ke daidaita shigar giya sun fi zama lafiya da shi. Aksul yana son GL-5, kusan lita ɗaya. A kwance kusar zubawa kafin ta tsiyayewa, kada a zubar da tsohon mai sannan a tarar ta sama ta ƙi buɗuwa.

Maleji zai yi maka ƙarya bayan aikin, domin daga giyabos yake karanta gudu, bai san ka sauya aksul ba. Giyabos ɗina daga mota mai 3.909 ya fito. Da 4.30 yana ƙara kashi goma a kan gaskiya. Da 3.636 yana ragewa da kashi bakwai: in ya nuna 100, kana kan 107 da ɗori. Wannan na biyun ya fi haɗari, don kana gudu fiye da yadda kake zato. Gwada shi da waya a gudu uku daban-daban, ka rubuta a 'yar takarda ka manna kusa da agogo har ka samu abin gyara shi.

Ba hannunka lokaci ya saba. Layukan giya shida sun fi matsuwa, ribas kuma tana can ƙarshen dama, ƙasa, kusa da ta shida. Abin tsoro shi ne ka nemi ta huɗu daga ta biyar hannu ya zarce ta biyu. A kilomita 110 da haɗina, wannan zai tilasta wa inji juyi sama da 8,300, kuma na'urar da ke yanke mai a jan layi ba za ta cece shi ba, domin tayoyi ne ke juya shi a lokacin. Kada ka damƙe sandar. Tura ta da tafin hannu ka bar sifirin ɗinta, ƙarfen da ke mayar da ita, ya kai ta tsakiya, inda ta uku da ta huɗu suke, kuma ka saki kuloci a hankali a makonnin farko. In ka ji inji ya fara ihu, sake taka kuloci nan take.

A fitar farko kashe rediyo, ka rufe rufin motar. Kai ta 60, ka riƙe, ka saurara. Saki totur gaba ɗaya ka sake saurara, domin kukan aksul wani yakan fito ne a lokacin ja, wani a lokacin sakewa. Bayan tafiyar minti ashirin ka tsaya, ka leƙa ƙarƙashi ka duba bakin farfela da gefen aksul biyu ko akwai danshin mai. Ka sake dubawa washegari da safe a inda motar ta kwana, sannan a bi kusoshin dogon ƙarfen nan da sifana bayan mako guda.